Daktan Duwatsu

Ruwa ya wuni yana zuba a Jos ranar, irin na watan Yuli wanda ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa, sanyi ya kora kowa ɗaki a lungunan Gangare. Inna Balaraba tana zaune a bakin ƙofarta da kaskon wuta a gabanta tana tsintar wake. Ɗanta Ishaku kuwa yana kan tabarma daga ciki, ya shimfiɗa takardu biyu ya zuba musu ido tun bayan azahar. Faten dankalin da ta ajiye masa har ya huce bai ko buɗe kwanon ba.

Da yake shi ne ɗanta na fari, ba ta kama sunansa. Ta ce, "Kai wannan, kallo ba zai canza abin da ke rubuce ba. Ja kwano ka ci abinci."

Ya ja kwanon don kada ta ƙara magana, amma hankalinsa yana kan takardun. Ta farko mai kauri ce, daga wani kamfanin haƙar kuza da ke Bukuru. Sun ɗauke shi aiki, da gida a kwatas da motar zuwa fili, sai dai suna son amsa kafin watan ya ƙare, saura kwana goma sha biyu ke nan. Ta biyun 'yar siririya ce shuɗiya, irin wadda ake aikowa ta jirgin sama, daga wata jami'a a Ingila. Sun ce sun yarda ya zo ya yi digiri na uku, amma sukolashif ɗin da zai ɗauki nauyinsa guda ɗaya ne tak, su kuwa masu nema su huɗu ne, kuma ba za a yanke hukunci ba sai wajen Nuwamba. Ba su ce ya samu ba, ba su ce ya rasa ba, sun dai bar bawan Allah a rataye.

Shekarar 1976 ce, Ishaku ya gama digirinsa na biyu a Zariya a kan duwatsu da ma'adinai. Ba haka kawai ya zaɓi wannan karatu ba. Yana ɗan shekara tara ramin kuza ya rufta da mahaifinsa, Malam Usumanu, shi da wasu leburori uku. Inna ta rene shi da tuyar masa a ƙofar gida. Tun daga nan abin da ke ransa shi ne ramukan da masu haƙa suke bari in sun gama, waɗanda ruwa ke cikawa su riƙa cin mutane da shanu. Yana so ya koyo yadda ake gyara irin wannan ƙasa, ita ce maganar da ya rubuta wa Turawan.

To amma duk wannan ba shi ne ya hana shi cin abinci ba, Mariya ce.

Mariya 'yar Alhaji Jika ce, mai sayar da yadi a kasuwar Terminus, gidansu yana Kwararafa. Malamar firamare ce, doguwa, ba ta da yawan magana, in ta yi dariya sai ta rufe baki da gefen mayafi. Shekara biyu suna tare, kowa a gidajen biyu ya san da maganar. Akwai dai wata 'yar matsala da su biyun kaɗai suka sani, suka kuma yi ta tura ta gaba kamar ba za ta taɓa girma ba.

Wata takwas da suka wuce, ƙanen mahaifin Ishaku, Baffa Haladu tela, ya ja tawagar dattawa suka je nema masa aure. Alhaji Jika ya tambayi sana'ar yaro. Baffa Haladu, wanda iyakar abin da ya tsinta a bakin ɗan nasa ke nan, ya gyara zama ya ce yaro ya yi shekara shida a Zariya, yanzu kuma Ingila zai tafi ya ƙarasa ya dawo dakta. Fuskar Alhaji ta washe nan take. A wurinsa, da ma a wurin kowa a zauren nan, dakta ɗaya ne a duniya, mai farar riga da allura. Ya ce ya ba su, in ma jira ne za a jira. Kafin mako ya zagayo duk layin 'yan yadi sun ji cewa Alhaji Jika ya yi surukin likita.

Daga ranar sunan Ishaku ya ɓace a gidan. In ya yi sallama sai a ce Likita ya zo. Ranar farko da ya ji haka sai ya gaya wa Mariya cewa lalle a gyara maganar nan tun ba ta yi nisa ba. Ita ce ta roƙe shi. Ta san halin mahaifinta, ta ce in ya ji karatun duwatsu ne zai ce wasan yara ne, ba zai bari 'yarsa ta zauna jiran mai tsintar tsakuwa ba. A bari a ɗaura aure tukuna, in ya so a yi masa bayani a hankali. Shi kuma Ishaku, ka san kunyar suruki: in ya hango Alhaji tun daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa, kansa a ƙasa, daga "ina wuni" sai "lafiya lau", ko ruwa ba ya iya sha a gabansa. Ta ina zai ɗago ido ya ce wa dattijo ya fahimci magana ba daidai ba? Sai ya fake da kunya, ita ta fake da tsoro, suka kira abin ladabi. Ni dai ban ga ladabi a nan ba, amma haka suka yi.

Kowace Alhamis bayan la'asar Ishaku yake zuwa zance Kwararafa. Alhamis ɗin da ta biyo bayan zuwan takardar kamfani, ya hau kekensa da niyyar su zauna da Mariya su auna takardun nan biyu. Bai san tun asuba mahaifiyarta, Hajiya Asta, ta tashi da wani irin ciwon kai ba. Da hantsi ta ce hannunta na dama yana mata nauyi, ludayi ma ya suɓuce mata. Alhaji ya dube ta ya ce ta kwanta ta huta. Me za a je a yi a asibiti, a bi layi tun safe, wani ƙato da ba a sani ba ya riƙa taɓa masa iyali, alhali yau Alhamis, Likita na nan tafe da yamma? Ya sa aka shafa mata man zafi, ya tafi kasuwa.

Ƙarfe biyu Mariya ta dawo daga makaranta ta tarar da uwarta a kwance, magana tana fita da ƙyar. Ta aika aka kira Alhaji. Ta durƙusa ta ce don Allah a kai Hajiya asibiti yanzu. Ya ce ta kwantar da hankalinta, saura awa biyu likitan gida ya iso, wanda ya yi shekara shida yana karatun abin ai ba zai rasa sanin ciwon kai ba. Maganar ta zo mata har bakin leɓe, cewa Ishaku ba likita ba ne, amma ta dubi fuskar mahaifinta ta haɗiye. Ta sake cewa a dai kai ta, ya daka mata tsawa, ta koma gefen gado ta riƙe hannun uwarta tana kallon agogon bango.

Ishaku yana jingine keke Alhaji da kansa ya fito zaure, abin da bai taɓa yi ba, ya kama hannunsa ya ce yau babu kunya, lalura ce. Ya ja shi har uwar ɗaka. Hajiya Asta tana kwance, bakinta ya karkace gefe guda, ido ɗaya yana zubar da ruwa. Mata sun ja baya sun ba Likita wuri. Mariya tana tsaye jikin bango, ta kasa dubansa.

Alhaji ya ce, "Bismilla, duba ta. In allura ce ka rubuta a sayo."

 Ishaku ya durƙusa a tsakar ɗakin, muryarsa ta fita 'yar ƙarama.

"Baba, ku gafarce ni. Ni ba likita ba ne. Duwatsu na karanta."

"Me ka karanta?"

"Duwatsu da ƙasa, Baba. Ban san komai a kan ciwo ba. A kai ta asibiti yanzu, don girman Allah."

Bai jira amsa ba ya fita a guje babu takalmi, ya taro tasi a bakin titi. Shi da direban suka ɗauko ta a cikin bargo. Da suka isa asibiti, likitan gaske ya auna ta ya ce jini ne ya hau ya taɓa ƙwaƙwalwa, sannan ya tambayi tun yaushe abin ya fara. Aka ce tun asuba. Ya cire tabarau ya dubi Alhaji ya tambaye shi me suka zauna jira tun safe. 

A barandar asibitin Alhaji ya juya ga 'yarsa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Mariya, kin sani?"

"Na sani, Baba."

"Da kika dawo daga makaranta kika same ta a haka, kin sani?"

Ta zube a ƙasa tana kuka. Ya tattara babbar rigarsa ya wuce ta kamar bai ga mutum ba.

Hajiya Asta ta tsira da rai, amma ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Kwana shida Alhaji bai amsa gaisuwar Mariya ba, in ita ta dafa abinci sai ya ture kwanon. Ita kuwa ba ta bar gefen gadon ba, ita ce wanka, ita ce juyi, ita ce ba da kunu da cokali. Ta rame, idanunta suka faɗa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne yadda uwar take bin ta da ido cikin tausayi, ba ta san me ya faru ba, kuma ba wanda ya iya gaya mata.

A rana ta bakwai Alhaji ya aika a zo a kwashe goro da kayan da aka kawo, ya fasa. Baffa Haladu ya ɗebi dattawan unguwa biyu da limamin masallacinsu suka tafi ban haƙuri. Baffa ya yi rantsuwa cewa shi ma sai yanzu ya san akwai daktan da ba ya duba marar lafiya, laifin bakinsa ne, a hukunta shi a bar yara. Aka daɗe ana roƙo. Daga ƙarshe Alhaji ya ce saboda girman liman zai sassauta, amma da sharaɗi. Ya ji an ce yaron ya sami aiki a Bukuru. To ya karɓa, ya zama mutum mai sana'ar da ake gani da ido, a ɗaura aure bayan Babbar Salla. In kuwa zaman jiran takardar Turawa zai yi, ya je ya jira shi kaɗai, ba da 'yarsa ba. Ranar nan saura kwana uku wa'adin kamfani ya cika.

Washegari da rana Ishaku ya sami Mariya a bayan ɗakin marasa lafiya tana wanke kwanuka a bakin famfo. Tun ranar Alhamis ɗin nan ba su yi magana ba. Ya tsaya ya rasa ta inda zai fara, sai ya zaro takardun ya shiga yi mata lissafi kamar yana gaban malamansa. In ya karɓi aiki, ga aure, ga gida kusa da Hajiya, amma zai koma yana haƙa irin ramukan da ya ci burin cikewa. In ya jira, mutum huɗu ne a kan kujera ɗaya, zai iya wayar gari babu sukolashif, babu aiki, babu ita. Ya ce kansa ya kulle, ta faɗa masa abin da take so, shi zai yi.

Ta kashe famfon ta goge hannu da zani.

"Malam, ba zan zaɓar maka ba. Sau ɗaya na taɓa zaɓar maka abu, na ce ka yi shiru. Shiga ɗakin can ka ga abin da na zaɓa."

Ya ce laifin ba nata ba ne ita kaɗai, shi ne namiji, shi ya kamata ya buɗe baki tun ranar farko. Ta girgiza kai, hawaye yana sauka.

"Abu ɗaya zan gaya maka don kada ka yi lissafi da abin da babu. Ko an ba ka sukolashif ɗin gobe, ko Baba ya yarda, ni ba zan bi ka Ingila ba. Ba zan bar matar nan ba har sai ɗayanmu ya bar duniya. Ka sa wannan a cikin awonka."

Ya koma gida a ƙasa yana tura keke, bai ma san bai hau ba. Ya sami Inna ya gaya mata zai karɓi aikin.  Ta ce ranar da aka kawo mata gawar mahaifinsa da jar ƙasa a hanci da kunne, ta roƙi Allah kada jininta ya sake cin abincin kuza. Ta share ido da bakin zani ta ce amma yarinyar nan ta gidan kirki ce, kuma suna da hannu a abin da ya sami uwarta, ba a gudu a bar mutane a irin wannan hali. Ta sa masa albarka, ta ce ya dai tsaya daga sama, kada ya shiga rami.

Ranar Juma'a ya kai wa kamfani amsa da hannunsa. Aka ba shi hular kwano da takalmin roba da ɗan gida mai ɗaki biyu. Ogansa, wani Mista Sylvanus, mutumin kirki ne, ya yaba da aikinsa tun makon farko. Aikin kuwa shi ne ya bi fili yana auna ƙasa, ya nuna inda za a sa injin a fasa sabon rami. Kullum in zai koma kwatas sai ya wuce ta gefen tsofaffin ramukan, ruwansu kore shar, shanun Fulani suna kewaya baki, ya kau da kai. Azumi ya zo ya wuce, aka yi Ƙaramar Salla, aka sallamo Hajiya ta koma gida. Duk Lahadi yana zuwa gaishe ta. Alhaji yana amsa gaisuwarsa da "lafiya" guda ɗaya, ba ya kiransa Likita, ba ya kuma kiransa da kowane suna.

Saura mako uku ɗaurin aure, Baffa Haladu ya zo Bukuru da wata shuɗiyar takarda da ta faɗo a akwatin gidan waya na ƙungiyar teloli. Baffa ba ya karanta boko, ya miƙa ya tsaya jiran labari. Ishaku ya buɗe ya karanta sau biyu. Shi aka zaɓa. Ana jiransa a farkon Janairu, shekara uku, an ɗauke masa komai. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce wa Baffa zai yi masa bayani daga baya. Da tsohon ya tafi, ya rufe ƙofa ya zauna a ƙasa ya yi kukan da bai yi ba tun yana yaro.

Kwana biyu yana yawo da takardar. Ya riga ya ba da magana, ba zai tafi ba, har ya rubuta wa jami'ar wasiƙar godiya da ban haƙuri ya liƙa kan sarki. Zuciya kuma sai ta riƙa raya masa cewa tunda ba tafiya zai yi ba, me zai sa ya tayar da ƙura? Gara ya jefa wasiƙar a akwatin gidan waya, ya ƙona shuɗiyar, a sha biki lafiya. In Alhaji ya ji an ba shi, zai iya cewa har yanzu ransa na can, ya sake fasawa. Da ya gaya wa Mariya haka a zaure, ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta saba yi ba.

"Ka je ka gaya wa Baba. Da bakinka, ba ta bakin Baffa ba. In ya fasa, ya fasa a kan gaskiya. Ni na gaji da auren da ake riƙewa da rufe baki."

Da hantsin Asabar ya sami Alhaji a rumfarsa a Terminus, yana auna wa wata mata shadda. Ya jira ta tafi, ya cire takalmi ya durƙusa a tsakanin bandiran yadi, ga hayaniyar 'yan kamasho da masu tura kura a waje. Ya ajiye takardun biyu a gaban dattijon. Ya ce wannan ta Turawa ce, sun ba shi abin da ya nema. Wannan kuma amsarsa ce, ya ce musu ba zai zo ba, yau zai aika. Ya kawo ne kawai don kada Baba ya ji a bakin wani.

Alhaji ya juya shuɗiyar takardar a hannunsa, shi ma ba karanta ta zai yi ba.

"Da ka ƙona ta, wa zai gaya mini?"

"Babu kowa, Baba."

Alhaji ya ajiye takardar. Sannan ya sa aka sauke labulen rumfa, ya ce Ishaku ya tashi daga durƙuson ya zauna a benci, ya yi masa bayanin karatun nan da Hausa, dalla-dalla, yadda ɗan kasuwa zai gane. Ishaku ya fara da in-ina, daga baya bakinsa ya saki. Ya ba shi labarin mahaifinsa, da ramukan da aka bari daga Bukuru har Barikin Ladi, da gonakin da suka mutu, da yadda a wasu ƙasashe ake mayar da irin wannan wuri ya koma gona. Bai taɓa yin magana mai tsawon haka a gaban mutumin nan ba.

Da ya gama sai ya ga gemun Alhaji ya jiƙe.

"Wata takwas ina kiranka da sunan da ba naka ba, ban taɓa zaunar da kai na tambaye ka me kake karantawa ba. Na ji abin da nake so in ji, na ɗauka na zaga kasuwa da shi. Kuma ranar nan, Ishaku, ba kai ka ce a jira ba, ba Mariya ta ce a jira ba. Yarinyar nan sau biyu tana durƙusa mini. Ni na ce a jira. Wata huɗu ke nan ina neman wanda zan ɗora wa, don na kasa ɗauka."

Ya share fuska da hannun riga, ya tura masa wasiƙar ban haƙurin. Ya ce aure yana nan ranar da aka sa, ya janye sharaɗinsa. Wannan kuwa kada ya aika sai sun yi shawara da Mariya, abin da suka yanke shi ke nan.

Shawarar ba ta yi tsawo ba, amma an sha kuka. Mariya ta ce wancan karon ta ƙi zaɓar masa ne don tsoro ne ke magana a bakinta, yanzu kuwa ta ga yadda yake dawowa daga Bukuru kamar wanda aka zare wa laka, ba ta son ta zauna da mijin da zai riƙa kau da kai daga aikin hannunsa har tsufa. Ya tafi. Ita tana nan wurin Hajiya, ga Inna kuma za ta riƙa leƙawa. Ya ce shekara uku fa ba kwana uku ba ce. Ta ce ta sani, ta iya ƙirga.

Aka ɗaura aure ranar Juma'ar da ta biyo bayan Babbar Salla, ba a yi wani taro ba saboda mai jiki. Ya ba kamfani notis na wata guda, Mista Sylvanus ya yi ta faɗa, daga baya ya rubuta masa takardar yabo. Kwana ashirin da uku suka yi a ɗaki ɗaya, sannan ya hau motar Kano inda zai shiga jirgi. Mariya ba ta raka shi tasha ba, lokacin juya Hajiya ne.

Shekarun nan uku ba su zo mata da sauƙi ba. Da safe aji, da rana jinya, ga ciki, ga masu cewa wanda ya tafi Ingila da Baturiya yake dawowa. Ta haifi 'ya mace aka sa mata Asta, uban ya fara ganinta a hoto tana wata biyu. Wasiƙa takan yi mako uku a hanya, wani lokaci ta ɓace, ta zauna ta sake rubuta wata. Ba ta taɓa rubuta masa cewa komai lafiya ba in ba lafiya ba, shi ma haka, ko da labarin ba daɗi.

A ƙarshen 1979 Ishaku ya dawo da digirinsa, shi kaɗai kamar yadda ya tafi, aka ɗauke shi koyarwa da bincike a nan Jos. Daga tasha Kwararafa ya nufa. Alhaji ya rungume shi a zaure, 'yar ta ɓuya a bayan zanin uwarta tana leƙen baƙo, Mariya tana dariya tana kuka lokaci guda. Sannan ya shiga uwar ɗaka ya durƙusa a gaban gado. Hajiya Asta ta gane shi sarai. Ta ɗaga hannun hagu ta dafa kansa, bakinta ya yi ta motsi tana son ta yi masa sannu da zuwa, ta yi ƙoƙari har gumi ya tsattsafo mata, kalmar ta ƙi fita. Ya riƙe hannun ya kifa kansa a bakin gadon.

Haƙuri ya biya Mariya da Ishaku, sun sami juna, sun sami abin da suka jira, kuma ina taya su murna. Amma ku 'yan'uwana matasa, kada ku ɗauki daɗin ƙarshen ku manta da tsakiyar. In babba ya fahimce ku ba daidai ba, ku gyara masa tun ranar, cikin ladabi, ko da murya na rawa. Ku ma iyaye ku riƙa zaunar da yara kuna tambaya, ku bar musu ƙofar da za su faɗa muku abin da ba ku so ku ji. Shirun da mutum uku suka yi wa juna a gidan Alhaji Jika kowa ya yafe wa kowa, amma wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba ita ta biya. Hajiya Asta ta ƙara shekara huɗu a duniya bayan dawowarsa, ba ta sake kiran sunan 'yarta ba.